Ƴar rediyon Alƙur'ani ta kasuwar Dole, ga yadda na same ta

Masu ta tambayata kan ƴar rediyon nan mai karatun Alƙur'ani da ta cika butik-butik a kasuwar Dole ta Damagaram, to ga bayani kowa ya huta. Ƙarama ce, tana shiga aljihun riga, akwai maɓallan lamba a jikinta, ka danna 36 ta kama maka Yasin, 67 Tabara, haka har 114. Ana sharje ta da wayar sharjar portabul, ga tocila a goshi ga FM, karatun kuma yana cikin kart memwar ne da ake sokawa a gefe.

Ni ba don hadda na saye ta ba. Na daɗe ina jin salla ta koma mini sabo kawai, in yi alwala in bi sahu a sallame ban ma san wace sura liman ya ja ba, hankalina yana can wajen bashi da kuɗin mai garuwa. Abin da nake nema shi ne wannan tsoron mai daɗi da muke ji muna yara, lokacin da gardawa ke karatu da asuba a bakin wutar kara jikinka ya riƙa tsuma ba ka san dalili ba.

Mai butik ɗin yana ɗauko ta sai ya ce "Malam wa'azin wane ɓangare zan zuba maka, Izala ko ɗarika?" Wallahi tambayar nan ta ba ni dariya ta kuma ba ni tausayin kanmu, har rediyo sai an san gidan da take. Na ce ya bar mini Alƙur'ani zalla, ba na son muryar kowa tana gaya mini wane ne ɓatacce, na ƙoshi da wannan a lasifikar unguwa.

Babban abin da ya kamata mutanenmu su duba kafin su biya shi ne ruwaya. Yawancin makarantan da ke ciki Hafsu suke ja, irin na Makka da Madina, mu kuwa nan Damagaram da Warshu muka buɗe ido a makarantar allo. Tun daga Fatiha za ka ji bambanci, su suna jan "maaliki" mu muna cewa "maliki", su "yu'minuna" da hamza mu "yuminuna" a sake. Duka daidai ne ba gardama, amma kunne yana da gida. Da na miƙa wa tsohuwarmu ta saurara sai ta ce wannan karatun Larabawa ne, mai daɗi amma ba ta iya binsa. Sai da aka zuba mini Warshun Shehu Mahmud Halil Husari na Masar, wanda ya ɗauka tun 1964, sannan ta fara motsa baki tana bi. Karatunsa a hankali yake, ba ƙawa ba gaggawa, kowane harafi da haƙƙinsa.

Inda ta fi yi mini amfani shi ne daren da aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, gari ya yi baƙi ƙirin, na hau kan duwatsun nan na unguwar Birni na rage murya ƙasa-ƙasa na sa Tabara, daidai inda ake cewa ka sake ɗaga ido ka duba sama ko za ka ga wata tsaga, ga kuwa taurari birjik a kaina ba fitila ko ɗaya da ta dushe su. Ayar da na haddace tun ina ɗan yaro amma ban taɓa ɗaga kai ba sai ran nan. Ba rediyon ta yi wannan ba, na sani, amma ita ta riƙe mini karatun na samu sararin yin shiru.

Aibinta kuwa akwai. Ba ta san izu ba sai sura, mu da muke lissafi da izu sittin in kana son tsakiyar Baƙara sai ka yi ta tura gaba da yatsa. In ka ƙure murya lasifikar na karkarwa, batirin kuma tocila na shanye shi da wuri. Sannan abin da ke ci mini rai, ba laifin na'urar ba ne namu ne, sai ka ga an kunna ta a shago ko wajen mai shayi ana ciniki ana shewa karatu na ta zuba ba mai ji, alhali aya ta 204 a A'arafi cewa ta yi a saurara a yi shiru.

In za ku saya kar ku je ranar Alhamis, cunkoson kasuwa ba zai bar ku ku gwada ba. Ku sa a danna muku surori daga farko da tsakiya da ƙarshe a gabanku, don wani memwar ɗin rabi ne babu komai ciki, kuma ku ce Warshu kuke so tun kafin a yi ciniki.