Ninite: na gwada shi a laftof ɗin Kawu, ga yadda na same shi

Wlh duk wanda ake kira a gida idan kwamfuta ta samu matsala ya san abin da zan faɗa. Kawuna ya sayi laftof bayan ya yi ritaya, mutum ne mai karatu sosai amma harkar kwamfuta ba tasa ba ce, rannan ya kira ni wai burauzarsa ta canza kama, ko'ina talla, ga wani abu yana ta fitowa yana ce masa na'urarsa ta kamu da cuta sai ya biya kuɗi. Na je na zauna na ce Kawu me kuka danna? Ya ce “ɗana ni dai abin kallon bidiyo nake nema, na ga wani kore babba an rubuta Download sai na taɓa.” Da ya nuna min shafin, maɓalli huɗu ne masu wannan rubutun, uku talla ne, na gaskiyan ɗan ƙarami can ƙasa kamar ba a so a gan shi. Raina ya ɓaci gsky, domin ba laifinsa ba ne ko kaɗan.

A nan ne na koma wa Ninite, wanda na daɗe da sani amma ban taɓa kallonsa da idon mutum irin Kawu ba. Tun 2009 yake, mutum biyu ne suka ƙirƙiro shi, Patrick Swieskowski da Sascha Kuzins, kuma aikinsa ɗaya ne tal, ya saka maka manhajoji da yawa a kwamfuta a lokaci ɗaya, kyauta. Ka shiga ninite.com zaka ga manhajoji an jera su kashi kashi, na burauza, na kallo da sauraro, na takardu, na tsaro da sauransu, sai ka yi ta saka alama a gaban waɗanda kake so. Mu mun zaɓi Chrome da VLC da 7-Zip da LibreOffice da Zoom da SumatraPDF na buɗe takardun PDF. Ka danna Get Your Ninite, wani ɗan fayil ya sauko wanda ko megabait ɗaya bai kai ba, sunan abubuwan da ka zaɓa ma na jikin sunan fayil ɗin. Ka buɗe shi, Windows ya tambaye ka izini sau ɗaya ka ce eh, shikenan ka gama naka.

Kawu ya zuba wa allon ido yana jira a fara tambayarsa. Ba Next, ba I Agree, ba wannan ƙaramin akwatin da ake saka wa alama tun kafin ka zo don a cusa maka wata manhaja da ba ka nema ba. Layi kawai yana tafiya, wannan na sauka wancan na shiga, wanda ya gama a rubuta OK a gabansa. Ya juyo ya ce “to yaushe zan sa hannu?” Na ce ai an gama Kawu. Sai da ya buɗe VLC da kansa ya ga bidiyonsa na tafiya sannan ya yarda.

Ni a ganina nan ne duk darajar abin take. Mutane suna ɗauka wahalar saka manhaja ita ce yawan dannawa, alhali dannawa ba ta gagari kowa ba, tambayoyin ne matsalar. 32-bit ko 64-bit? Wace folda? Typical ko Custom? An tsare mutum da tambayar da ba shi da yadda zai san amsarta, da Turancin da ko mai jin Turancin sai ya tsaya, to dole ya yi ta danna eh eh don ya wuce, kuma a wannan eh ɗin ake shigo masa da tarkace. Ninite shi yake amsawa a madadinka, ya duba injinka ya ɗauko wanda ya dace da shi, ya sauko da manhajar daga wurin masu ita na asali, ya tabbatar fayil ɗin ba a taɓa shi ba kafin ya saka, duk wani ƙari da aka liƙa ya ce a'a.

Wani abin da na so shi ne wannan ɗan fayil ɗin ba a yar da shi. Na ajiye masa a fuskar kwamfutar na canza masa suna zuwa “Sabunta”, na ce duk wata ku danna shi sau ɗaya. Idan ya buɗe zai duba, wanda ya tsufa ya sabunta shi, wanda ke daidai ya tsallake. Sai dai a rufe manhajojin tukuna, don wadda take buɗe tsallake ta yake yi.

Amma fa ba komai zai maka ba. Na Windows ne, mai Mac ba nasa ba ne. Jerin nasa gajere ne, ba zaka samu Microsoft Office ko Photoshop a ciki ba, abin da babu a jerin sai ka nemo shi da kanka. Dole sai da intanet domin a lokacin yake sauko da komai, in layinka na jan ƙafa zaka jira. Kuma ba ya barinka ka zaɓi inda za a ajiye manhaja, inda aka saba nan yake kai ta, wanda hakan zai dami mai son tsara faifansa da kansa, ko da yake dai wannan rashin zaɓin shi ne ya sa abin ya yi wa Kawu sauƙi. Na kyautan ba ya sabuntawa da kansa sai ka tuna ka danna, akwai Ninite Pro na kuɗi amma wannan na masu kula da kwamfutoci da yawa ne a ma'aikata.

Nasan wasu za su ce ai ga winget, abin saka manhaja ta hanyar rubuta umarni da Microsoft ta fitar a 2020, kuma gaskiya ne yana da manhajoji da yawa fiye da Ninite nesa ba kusa ba, ni ma da shi nake aiki a tawa. Amma ka ce wa dattijo ya buɗe baƙin allo ya rubuta winget install VideoLAN.VLC ba tare da ya kuskure harafi ɗaya ba? Ba zan ɗora masa wannan ba. Microsoft Store ya fi kusa da Ninite wajen sauƙi, sai dai can ma ɗaya bayan ɗaya zaka bi, kuma sai ka iya bambance ta gaske da masu kama da ita.

In za ku saka wa wani, ku rubuta adireshin ninite.com da hannunku a saman burauza maimakon ku neme shi ku danna abin da ya fara fitowa. Na rubuta wa Kawu shi a takarda na manna a gefen allon, satin da ya wuce ya bugo min waya ya ce ya ƙara Audacity shi kaɗai, yana so ya fara ɗaukar muryarsa.