Kafin ka sayi faifan rawar bale mai kiɗan fiyano

Idan son fiyano ne ya ja ka zuwa rawar bale, wato rawar dandali ta Turawa da ake yi bisa kiɗa ba tare da magana ba, ka fara duba sunan da ke jikin faifan da kyau. Akwai Les Sylphides, akwai kuma La Sylphide. Sunayen sun yi kama, amma kama da wane ba wane ba ne. La Sylphide tsohon wasa ne mai labari, wanda aka fara nunawa a Paris a 1832, kuma sigar da aka fi yi yau ita ce ta August Bournonville ta ƙasar Denmark, ta 1836. Babu kiɗan Chopin, shahararren mai tsara kiɗan fiyano, a cikinsa ko kaɗan.

Les Sylphides kuwa Michel Fokine ne ya tsara ta a Rasha da sunan Chopiniana, daga baya ƙungiyar Ballets Russes ta kai ta Paris a 1909, da shahararrun masu rawa Nijinsky da Pavlova da Karsavina a dandali. Ba ta da labari. Namiji ɗaya ne a tsakiyar mata masu dogayen fararen riguna, cikin hasken farin wata, kusan rabin awa. Tana da kyau ƙwarai, kuma ita zan ba wanda bai taɓa kallon bale ba. Sai dai inda gizo ke saƙar shi ne, Chopin don fiyano ya rubuta kiɗan, amma galibi ayarin makaɗa ne ke kaɗa shi, sau da yawa bisa tsarin da Roy Douglas ya yi a 1936. Za ka biya kuɗi ka ji gogen Turawa da sarewa, fiyano ko sama ko ƙasa.

Mai son fiyano zalla ya nemi Dances at a Gathering, wadda Jerome Robbins ya tsara a New York a 1969. Masu rawa goma ne, makaɗi ɗaya, kiɗan Chopin yadda ya bar shi, wajen awa guda. Ita ma ba labari, sai haɗuwa da rabuwa da ɗan raha tsakanin samari da 'yan mata. Ni da za a ce in zaɓi guda, wannan zan ɗauka, ko da yake tana buƙatar haƙuri.

Wanda kuma ba ya iya zama sai da labarin soyayya, La Dame aux camélias ta John Neumeier ce tasa, wadda aka fara yi a Stuttgart ta Jamus a 1978. Kashi uku ce, ta haura awa biyu, kuma jarumar tarin fuka ne ajalinta. Fiyano na nan sosai, wani wuri shi kaɗai, wani wuri tare da ayari. Akwai shiga da rungume-rungumen da ba kowane falo za su dace da shi ba.

Kowanne ka zaɓa, juya bayan kwalin. Idan an rubuta sunan mai fiyano, za ka ji shi. Idan sunan madugun ayari kawai ka gani, to kiɗan ayari ka saya.