Bolum ɗin waya ko na amfilifaya: wanne za a ɗaga?

Ɗan'uwa, ka ce in ka jona wayarka da amfilifaya sauti na fitowa ƙasa-ƙasa, ga wani "shuuu" a bayansa, amma da ka juya zuwa dikoda sai ƙara ta nemi fasa falo. Bolum biyu ne a hannunka, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne.

Na waya da dikoda da kwamfuta dijital ne, wato lissafi yake yi: yana rage lambobin sautin tun kafin su zama wutar da za ta bi kebul. Duk desibel 6 (ma'aunin ƙarfin sauti) da ka rage, kamar bit ɗaya ka zubar daga cikin lambobin da ke ɗauke da sautin, kuma sautin faifan CD bit 16 ne kacal. Na'urorin da ke lissafi da bit 24 ko 32 wannan asarar ba ta cika kai wa kunne ba. Abin da ya fi damuna shi ne wannan "shuuu" ɗin. Ka rage waƙa a waya, amma hayaniyar wayar da ta kebul tana nan yadda take. Sai ka murɗa amfilifaya don ka ji, shi kuwa bai san bambanci ba, ya ɗaga waƙa da datti gaba ɗaya.

Na amfilifaya, wanda kake murɗawa da hannu, a yawancin na gida analog ne, wato wutar sautin kanta yake ragewa, ba lambobi ba. Idan ka rage shi, waƙar da hayaniyar da ta shigo da ita tare suke sauka. Nan ya fi. Amma shi ma yana da lam'a: in yana can ƙasa sosai, sau da yawa sifikar hagu da ta dama ba sa daidaita. Ga kuma ƙurar hunturun Kaduna, in ta shige ciki sai ka ji ƙaras-ƙaras duk lokacin da ka taɓa.

Bambancin ƙarar waya da dikoda kuwa daga ƙarfin wutar da kowacce ke fitarwa ne. Alal misali, na'urar CD takan fitar da kusan bolt 2, wayoyi da yawa kuma bolt 1 ko ƙasa da haka. Tazarar desibel 6 ke nan ko fiye.

Ni dai ga yadda nake yi. Ɗaga waya har ƙarshe, ko ka bar taki ɗaya. Kunna magana, ba kiɗa ba, ka murɗa amfilifaya inda ya yi maka daɗi. Kada ka sake taɓa shi, juya zuwa dikoda, ka kamo labarai, ka rage da rimot ɗinta har muryoyin biyu su zo kai ɗaya. Daga nan amfilifaya kaɗai za ka riƙa taɓawa.

Don Allah kada ka ɗaga bolum ya wuce kashi 100 a manhajojin kunna waƙa da bidiyo irin VLC da ke ba da damar haka. Sautin yankewa yake yi daga sama, ya dinga tsatsa, kuma in aka ƙure ƙara a haka, ƙaramar sifikar nan mai fitar da siririyar murya ce ke fara ƙonewa.