Kafin ka sa zarto a jikin kwafin bindigar Charleville

Duk wanda ya taɓa ganin 'yan bindiga a hawan Sallah ya san fasalin bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki. Charleville irin wannan ce, bindigar sojan Faransa mai ƙanƙara, wato dutsen da ke ƙyasta wa albarushi wuta, wadda ta ci sunan garin da ke da ɗaya daga cikin maƙeran gwamnati, ko da yake an ƙera ta a Saint-Étienne da Maubeuge ma. Ta asali sai gidan tarihi ko hannun masu kuɗi. Abin da masu wasan kwaikwayon yaƙe-yaƙen da suka wuce suke saye a Turai da Amurka kwafi ne, kuma kwafin nan yakan fito daga kwali yana sheƙi kamar sabuwar kujera, da rubutun kamfani a kan bututu. Daga nan gyara ke farawa.

Tun kafin maganar kuɗi, wace shekara kake son wakilta? Nan mutane da yawa suke yin tuntuɓe. Samfurin 1728 shi ya zo da zobba uku masu riƙe bututu da katako, gindinsa a lanƙwashe har Faransawa suna ce masa ƙafar saniya, kuma da shi da gyararrun 'ya'yansa aka shiga Yaƙin Shekara Bakwai na 1756 zuwa 1763. Samfurin 1763 ya yi nauyi, aka rage masa jiki a 1766, shi ne kuma Faransa ta yi ta turawa Amurkawa masu tawaye daga 1777, har maƙerar gwamnatin Amurka ta Springfield ta kwaikwaye shi a 1795. Na 1777 kuwa kaskon albarushinsa na tagulla ne, an kuma fafe gindin inda kunci ke kwanciya. Gyararrensa ne sojojin Napoleon suka riƙe har yaƙin Waterloo a 1815. Ba zarton da zai mayar da ta 1777 ta koma ta 1766. In ka sayi wadda ba ta zamaninka ba, asara ta riga ta auku.

Mafi sauƙin samu ita ce ta kamfanin Pedersoli da ke Gardone Val Trompia a Italiya. Tana da tsada, amma katakonta na walnat ne kamar na asali, kuma bututunta ya bi ta gidan gwajin bindigogi na ƙasar, an harba shi da ɗuri mai ƙarfi an buga masa hatimi. Aikin da ke kanta na ragewa ne. A kankare fentin zamani mai ƙyalli, a shafe katakon da man linsid sau da yawa ana bari yana sha, a sassaƙe inda ya yi kauri, musamman gefen makullin wuta, wato ƙarfen da ke riƙe ƙanƙara da kaskon albarushi, da gaban katako, domin bindigogin asali sun fi siranta nesa ba kusa ba. A ganina wannan ce ta fi dacewa da wanda zai harba da gaske, ba rataya a bango kawai ba.

Ta Indiya, wadda galibi daga Rajasthan take fitowa, ta fi araha sosai, kuma a can ake samun samfuran da Turawa ba sa damuwa da yi, irin su ta 1728. Sai dai araha ba ta ado. Katakonta yawanci na tik ne ko wani itace mai kama da shi, ga nauyi ga tsagewa a bakin wuƙa, kuma launinsa ba ya zama na walnat ko an rina shi. Ƙarfen ana goge shi da inji har kusurwoyi su dushe, abin da aka cinye kuwa ba ya dawowa. Da hannu ake yin su, don haka biyu ba sa zama ɗaya, kuma in wani abu ya karye sai maƙeri ya ƙera sabo. Babban abin dubawa shi ne da yawansu suna barin Indiya ba a huda 'yar kafar da wuta ke shiga ba, dillali ne ke hudawa daga baya. Tambaye shi kai tsaye ko an gwada bututun, a ina, kuma ina shaida. Akwai ƙungiyoyin da ba sa barin bindigar da ba ta da hatimin gwaji ta shiga sahu.

Akwai kuma tsohuwar Charleville ta 1766 da kamfanin Miroku na Japan ya yi, an daina ƙera ta, masu ita suna yabon sirantarta. Sai ta hannu, kayan gyaranta kuma wuya.

Wanda ke son daidai ƙwarai yakan nufi kamfanin The Rifle Shoppe a jihar Oklahoma ta Amurka, inda ake zuba sassa daga jikin bindigogin asali. Abin da zai iso maka tarin ɗanyen ƙarfe ne da katako, sai an goge, an huda, an ƙona wasu sassan su yi tauri, an haɗa. In ba ka taɓa yi ba, lissafa ladan gwani da watannin jira a cikin farashi.

Kada a yi wa ƙarfen baƙi ko ruwan ƙasa don ya yi kamar tsoho. Sojan Faransa gogewa yake yi, bindigarsa fara ce, kuma a zamaninsa sabuwa ce ko mai 'yan shekaru, ba mai shekara 250 ba. Goge da hannu yana ba da haske mai laushi, ba na madubi ba.

Rubutun kamfani da lambar bindiga su ne suka fi tsone wa masu wannan harka ido, su ne kuma wurin haɗari. A ƙasashe da dama goge lamba laifi ne, shi ya sa masu gyara a inda doka ta yarda suke mayar da ita ƙarƙashin bututu inda katako ke rufewa. Hatimin gwaji kuwa a bar shi. In ka sa aka buga "Charleville" a makulli ko "US" irin na rundunar Amurka ta farko, bar wata alama a ciki mai nuna kwafi ce, don kada ranar da ta fita daga hannunka wani ya sayar da ita a matsayin ta 1766.