Soson Oasis na furanni: yana da kyau in an iya jiƙa shi

Duk mai ƙawata zauren bikin manya da ɗanyun furanni ya san koren soson nan na Oasis, wanda ake jiƙawa a soka furanni a ciki don su riƙa shan ruwa. A jihar Ohio ta Amurka aka fara yin sa a 1954, kuma har yau da wuya a samu abin da ya kai shi riƙe fure a inda aka soka shi.

Wajen jiƙawa aka fi ɓata shi. A cika bokiti da ruwa, a ɗora soson a kai, a bar shi ya nutse da kansa. Minti biyu ya isa. In aka danna shi da hannu, iska takan maƙale a tsakiya, waje ya jiƙe, ciki a bushe, furen ya yi yaushi tun kafin amarya ta shigo. A yanke karan furen a karkace, a soka shi kamar santimita 3. Kada a zare a mayar rami ɗaya, don ramin ya riga ya buɗe, karan ba zai sha ruwa ba. Lokacin zafi kuwa, sai an ƙara wa soson ruwa kafin baƙi su iso.

Aibinsa babba ne: sau ɗaya yake aiki, yana marmashewa, ba ya ruɓewa. Saboda marmashin nan, a tace ruwan da aka jiƙa shi da ƙyalle kafin a zubar a kwata.