Abincin bizines a jirgin Qatar: abin da na gani a tafiyarmu da Baffa

Tunda muka dawo daga Caina mutane suke ta tambayata wai ya kujera, ta kwanta ɗin da gaske? Eh ta kwanta, har bargo da matashi an ba mu, amma ni gaskiya ba kujerar ce ta tsaya min a rai ba, yadda suke ba ka zaɓin abinci ne, musamman lokacin da za ka ci. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, don na san akwai masu tafiya da dattawa ko marasa lafiya da wannan bayanin zai yi wa amfani.

Baffana ƙanen mahaifina ne, a shagonsa na Kwari na tashi, kuma shekaru ke nan yana fama da ciwon suga ga hawan jini. Likitansa ya sha gaya masa cewa ya kiyaye lokacin cin abinci, kar ya daɗe da yunwa kar kuma ya cika ciki lokaci guda. To kun san tafiyar Guangzhou ba wasa ba ce, daga Kano jirgin ya tsaya Abuja, daga nan wajen awa 7 zuwa Doha, ka zauna jira, sannan wani wajen awa 8 kuma kafin ka sauka. A ikonomi idan keken abinci ya zo ya zo ke nan, ko kana jin yunwa ko ba ka ji, ko barci kake a tashe ka, in ka bari ya wuce sai dai ka jira na gaba. Wannan karon muka haɗa makin tafiye-tafiye da Baffa ya tara a wajen kamfanin jirgin, wanda suke kira Avios, muka cika da kuɗi muka hau bizines mu biyu. Qatar Airways sun fara zuwa Kano a 2022, kuma tun daga lokacin yawanci su yake bi.

Muna zama aka kawo tawul da abin sha, akwai lemon tsami da na'a-na'a ɗin nan nasu da kowa ke yabo, ni shi na karɓa, Baffa kuma na ce a ba shi ruwa kawai saboda sukari. Sai ma'aikaciyar ta miƙo takardar jerin abinci ta durƙusa daidai kujerar Baffa tana bayani ina fassara masa. Abin da ta ce shi ne babu wani lokacin cin abinci da aka yanka, duk abin da ke cikin takardar nan za ka iya nema a duk lokacin da ka ga dama, kuma ba dole sai ka bi jerin ba, in ka so ka fara da miya yanzu, bayan awa uku ka ce a kawo babban abincin, in ka so abincin karin kumallo ma da daddare za a kawo maka. Na ce Baffa kun ji, sai lokacin da kuka ce. Ya kalle ni ya ce kai yaro tambaye ta da kyau, ko dai ba ka fahimta ba ne. Na sake tambaya ta tabbatar.

Wallahi wannan abu ƙarami ne a baki amma ga mai suga babban abu ne. Muka raba masa cin gida uku a tafiyar farko. Bayan an tashi daga Abuja ya sha miya da ɗan burodi, ya yi sallah a zaune ya ɗan kishingiɗa, can tsakiyar tafiya da lokacin maganinsa ya yi na danna ƙararrawa aka shimfiɗa masa farin ƙyalle a tebur aka kawo kaza da ganye, shinkafar ya ɗan taɓa kaɗan ya bari, sannan daf da sauka ya sha shayi ba sukari. Babu wanda ya ɓata rai don an kira shi sau uku, duk sanda aka zo sai an sake shimfiɗa tebur daga farko, cokula na ƙarfe, farantin tangaran, har da 'yar fitilar nan mai kama da kyandir.

Ni kuma na ci mazza ɗin Larabawa, wato hummus da tabbula da sauransu da gurasarsu, wannan kusan kullum yana cikin jerinsu kuma ban taɓa cin wanda ya kai shi daɗi a sama ba. Na bi da shinkafa da nama mai romo, na rufe da shayin karak mai citta da madara da ɗan ƙamshin hel. Duk abincinsu halal ne, wannan ya sauke min nauyi sosai don ba sai na tsaya ina tuhumar kowane faranti ba. Amma in faɗi gaskiya don kar wani ya je ya yi mamaki, suna ba da giya ga mai so kuma akwai takardarta daban, ni dai na ce a ɗauke ta daga wajenmu aka ɗauke, ba a sake tayar da maganar ba har muka sauka.

Dalilin da ya sa abin ya shige ni haka shi ne na taɓa ganin ɗaya gefen. Wata shekara na hau bizines na wani kamfani, ba zan kama suna ba, kujerata tana layin ƙarshe. Aka raba takarda mai ɗauke da abinci kala uku, na zaɓi kaza a raina ina jira, ma'aikacin ya faro tambaya daga gaba yana rubutawa, kafin ya iso kaina kaza ta ƙare kifi ya ƙare, saura nama da aka dafa da giya a romonsa. Kuma fa na nemi abincin Musulmi tun wajen sayen tikiti, aka duba aka ce ba a loda shi ba. Haƙuri ya ba ni sosai, ba laifinsa ba ne shi, amma haka na yi tafiyar nan da burodi da 'ya'yan itace da kofi bayan na biya kuɗin da ya ninka na ikonomi ban san sau nawa ba. Raina ya ɓaci ranar ƙwarai, har yau in na tuna sai na ji ba daɗi.

Daga baya ne na fahimci yadda abin yake aiki. Ba a girki a cikin jirgi irin na gida, a ƙasa ake dafawa a babban kicin na kamfanin abinci, a sanyaya shi da sauri, a loda, sai a ɗumama a ƙananan oben da ke bayan labule. Kuma ba sa loda kowane kala daidai da yawan fasinjoji, in kujeru 30 ne ba za a sa kaza 30 kifi 30 nama 30 ba, asara ce da nauyi, sai su ƙiyasta su raba. To duk wanda aka tambaya a ƙarshe shi ke kwasar ragowa. Wasu kamfanonin daga gaba suke farawa, wasu kuma sai sun fara tambayar manyan kwastomominsu masu katin zinare kafin su waiwayo kan sauran, kana zaune kana gani a tsallake ka a je wajen wani. Ni wannan tsarin ban ga adalcinsa ba tunda kuɗi ɗaya muka biya.

Maganin da kamfanoni suka samo shi ne zaɓa tun kana gida. Singapore Airlines su suka yi suna a nan da tsarinsu na Book the Cook, inda za ka shiga ka zaɓi babban abincinka daga wani dogon jeri wanda ya fi na cikin jirgi yawa, aƙalla awa 24 kafin tashi, a loda shi da lambar kujerarka. Su ma Qatar suna da irinsa a dogayen tafiye-tafiyen da ke tashi daga Doha, ka shiga manhajarsu ka zaɓa kafin awa 24 ɗin. Turkish Airlines kuma tasu hanyar daban, a dogon zango akwai mai dafa abinci da farar riga da hula a cikin jirgin shi ke zuwa ya karɓi zaɓinka, sannan a turo keke cike da ƙananan abinci kana gani kana nunawa. Jirgin Habasha ma a bizines ɗinsu da suke kira Cloud Nine sukan zagayo da injera, wato gurasarsu mai ɗan tsami, da miyar kazarsu mai yaji ka nuna abin da za a zuba maka, kuma duk wanda ya saba da tuwo da miya zai ji wannan ya fi kusa da gida. Kowanne da daɗinsa, amma in ka tambaye ni, ga mai tafiya da dattijo babu kamar a bar maka lokaci a hannunka.

Sai dai shi ma wannan tsarin na ci-sanda-ka-so yana da dabara, kuma ma'aikaciyar ce da kanta ta koya min. Tunda abincin ƙidayayye ne a kowane jirgi, in ka ce sai can anjima za ka zaɓa, wanda kake so zai iya ƙarewa. Don haka tun a ƙasa kafin a tashi ka faɗi abin da kake so da kuma lokacin da kake so, su ajiye maka da sunanka. Haka muka yi a zango na biyu. Jirgin Guangzhou tsakar dare yake tashi daga Doha, mun riga mun ɗan ci wani abu a Al Mourjan, falon jira na fasinjojin bizines a filin jirgin Doha, Baffa ya gaji idonsa har ya yi ja. Na ce Baffa za ku ci yanzu ne ko sai kun tashi? Ya ce barci tukuna. Na gaya mata ta ajiye masa ƙwai da kifi kuma ta tashe shi bayan awa huɗu saboda magani, ta rubuta a 'yar takardarta. Ni kaina barci ya kwashe ni, wallahi ita ce ta zo ta taɓa kafaɗata a hankali daidai lokacin ta ce in tashi Baffa, tebur har ta fara shiryawa. Wannan kulawar ita ce abin da ba zan manta ba.

Wani abu kuma da ya kamata masu lalura su sani. Akwai abinci na musamman da ake nema kafin tafiya, kowanne da lambarsa ta haruffa huɗu da kusan duk kamfanoni ke amfani da ita, MOML na Musulmi, DBML na masu suga, LSML mai ƙarancin gishiri, VGML na marasa cin nama da duk abin da ya fito daga dabba. Yawanci guda ɗaya za ka iya zaɓa, to Baffa ga suga ga hawan jini wanne za a ɗauka? Kuma in ka nemi na musamman an riga an yanke maka abin da za ka ci, ba ka san mene ne ba sai an buɗe. A jirgin da ba duk abincinsa ne halal ba dole ka nemi MOML kuma ka sake kira ka tabbatar kwana biyu kafin tafiya, darasin da na koya ke nan. Amma a jirgin da komai halal ne, mu dai mun ga ya fi mana mu bar shi ya zaɓa daga jerin da idonsa, a cire masa abin da likita ya hana, a kawo romo a gefe. Kowa dai ya tambayi likitansa, ni abin da ya yi mana aiki nake faɗa.

Maganar gishiri ma akwai abin lura. A sama iska ta bushe kuma matsinta ya ragu, harshe da hanci ba sa aiki kamar a ƙasa, har kamfanin Lufthansa ya sa cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta yi bincike a 2010 aka gano ɗanɗanon gishiri na iya raguwa da kusan kashi 30 cikin ɗari, na zaƙi kuma da kusan kashi 20. Shi ya sa za ka ji abinci salam ka miƙa hannu ga gishiri alhali akwai shi isasshe a ciki. Na ɗauke 'yar kwalbar gishirin daga gaban Baffa tun farko, ya harare ni na ce ku yi haƙuri Baffa, Hajiya ce ta ba ni amana. Kuma shawarata ka zaɓi abu mai romo da kayan ƙamshi, irin biriyani ko nama mai miya, su ne ke jure ɗumame. Gasasshen nama guntu guda sau da yawa yakan bushe a oben ko a wane jirgi ne.

Abu ɗaya da nake fata, kuma wannan ga duk kamfanonin da ke ɗaukar fasinja daga Kano da Abuja nake faɗa, a riƙa tunawa da abincinmu. Dattijo irin Baffa duk daɗin hummus ba zai kai masa tuwon shinkafa da miyar taushe ko ta kuka ba, kuma miya irin tamu tana daga cikin abin da ya fi jure ɗumame, ai mu muka san ɗumamen tuwo da safe. In Habashawa za su iya hawa da injera sama su yi alfahari da ita ban ga abin da zai hana a sa tuwo ko dambu ko masa a jeri ba, fasinjojin da za su ci suna nan cike da jirgi.

A dawowa tun muna otal a Guangzhou na buɗe manhajar na karanta wa Baffa abin da ke akwai a zangon Doha zuwa gida, ya saurara har ƙarshe ya ce a sa masa kifi. Da muka shiga jirgin ma'aikacin ya zo da takardarsa ya ambaci sunan Baffa ya ce kifinsa yana nan a ajiye, ƙarfe nawa yake so a kawo.