Gargaɗi: Naira 280,000 na biya a kan "maganin Chaina" na ƙafar mai ciwon sukari

Na yi makonni ina juya wannan magana a raina kafin in iya rubuta ta, domin kunya ta hana ni sakat. Shekara 19 ke nan ina koyar da ilimin halittu a makarantar sakandare, ni ne nake zana wa yara zuciya da jijiyoyin jini a kan allo, amma ni ɗin ne na ɗauki naira 280,000 na miƙa wa wani mutum mai farar riga irin ta likitoci, wanda ya ce zai buɗe jijiyoyin ƙafar mahaifina da maganin gargajiya na ƙasar Sin. Naira 185,000 a karo na farko, naira 95,000 a karo na biyu. Kuɗin adashina ne na shekara guda, da wani abu da na ranta a wajen surukina wanda har yau ban gama biya ba.

Baba yana da shekara 71, kuma shekara 12 ke nan yana fama da ciwon sukari. Tun bara ƙafarsa ta hagu ta fara yin sanyi ko da rana tsaka, kuma idan ya nufi masallaci, wanda bai fi gida goma tsakaninmu da shi ba, sai sharaɓarsa ta ɗaure har ya tsaya ya dafa bango sau biyu kafin ya isa. Da dare kuma tafin ƙafar yana yi masa raɗaɗi. A asibiti an ce mana sukarin ya taɓa jijiyoyin da ke kai jini ƙafa da waɗanda ke sa mutum ya ji taɓi, an rubuta mana hoton jijiyoyin jini da ake kira Dofla, an ba mu rana. A cikin jiran wannan rana ne na ga tallar mutumin a Facebook.

Abin da ya sa na yarda da shi, kuma abin da nake ta maimaitawa a kaina duk dare, shi ne abin da ya yi a ranar da na kai Baba shagonsa. Ya tashi daga kujerarsa, ya durƙusa a gaban tsohon, ya cire masa takalmi da hannunsa, ya riƙe ƙafar da tafuka biyu kamar mai riƙe jariri, sannan ya ɗaga kai ya ce, "Baba, da dare ji kuke kamar an zuba muku barkono a nan, ko ba haka ba? Kuma idan kun taka ƙasa kamar kun taka auduga?" Baba ya juyo ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Ka ji, shi ya san abin da nake ji." Wannan kallon ne ya raba ni da naira 185,000. Daga baya likita ya gaya mini cewa kusan duk wanda sukari ya taɓa wa jijiyar ƙafa haka zai kwatanta ciwonsa, ke nan mutumin haddace tambayoyin ya yi. Amma a wannan lokacin, ga dattijo da aka daɗe ba a durƙusa an riƙe ƙafarsa ba, wa zai ce a tashi a tafi?

Kuma ina so a fahimta cewa ban shiga da ka ba. Na yi tambayoyi. Da na nuna shakka, sai ya ce mini ai maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha a yau daga wani ganye na ƙasar Sin aka samo shi, kuma wannan gaskiya ne, ni kaina na san masaniyar kimiyya 'yar ƙasar Sin Tu Youyou ta karɓi kyautar Nobel a 2015 saboda gano wannan magani mai suna artemisinin. Ya ambaci wani saiwa mai suna danshen, na bincika a wayata a gabansa, na ga lallai akwai shi, kuma a can ana amfani da shi a kan abin da suke kira motsa jini. Kwalin yana da rubutun Sinanci da hatimi mai walƙiya da lambar da aka ce ta NAFDAC ce. Duk wanda zai ce da shi ne da bai faɗa tarkon ba, to ina roƙonsa ya tuna cewa mutumin nan da gaskiya yake haɗa ƙaryarsa, kashi uku gaskiya, kashi ɗaya guba.

Na manta ban faɗi batun na'urar ba, kuma ita ce ta zo kafin durƙuson, ko kuma bayansa, na kasa tantancewa yanzu. Ya ba Baba wani ɗan ƙarfe ya riƙe a hannu, wayar ƙarfen na haɗe da kwamfuta, bayan ya rubuta shekarunsa da nauyinsa da tsawonsa. Cikin minti ɗaya allon ya cika da jan rubutu, ya ce jijiyoyin ƙafar sun toshe. Ba a ɗebi jini ba, ba a ɗaura komai a ƙafar ba, ƙarfe kawai aka riƙe a hannun dama. Ni mai koyar da ilimin halittu na zauna ina gyaɗa kai.

Abubuwa uku ya ba mu a kan naira 185,000 ɗin: kafso na sha safe da yamma, garin da ake zubawa a ruwan zafi a tsoma ƙafa, da wata filasta da ake liƙawa a tafin ƙafa a kwana da ita. Ya ce a dakatar da metformin, maganin sukarin da asibiti ya ba Baba, domin wai shi ne yake daskarar da jini. Na yi gardama kwana biyu, sannan na bi. Filastar fara ake liƙa ta, da safe a cire ta baƙa ƙirin tana warin hayaƙi, shi kuma ya ce dattin jijiyoyin ne yake fita. Inna har ajiye su take yi a leda tana nuna wa maƙwabta. Sai ranar da ƙanwata, wadda ma'aikaciyar jinya ce a wani gari, ta zo gida bayan komai ya lalace, ta ɓare sabuwa ɗaya a gabana, ta ɗiga mata ruwan randa, muka tsaya muna kallo ta koma baƙa a kan tabarma ba tare da ta taɓa ƙafar kowa ba. Ta ce, "Yaya, gumi ne kawai yake mayar da ita haka." Ban iya ce mata komai ba.

Dalilin da ya sa na ƙara naira 95,000 kuwa, kuma nan ne nake so masu zagina su tsaya su saurara, shi ne sukarin ya sauka da gaske. Na'urar gwajinmu ta gida da take nuna sama da 200 da safe ta koma nuna 110, wani lokaci ƙasa da haka. Da idona na gani, ni nake tsira masa allurar a yatsa. Da mutumin ya kira ya ce, "Malam, sai an yi zagaye na biyu, in ba haka ba jijiyar za ta koma ta rufe," ban ko nemi ragi ba, na tura naira 95,000 a daren. Kwana tara bayan haka Inna ta buga mini ƙofa kafin asuba, muka tarar da Baba jiƙe sharkaf da gumi, jikinsa na karkarwa, yana magana ba kan gado. Na'urar ta nuna 48, alhali duk abin da ya gaza 70 haɗari ne. Likitan da ya karɓe mu ya juya kwalbar kafson a hannunsa, ya ce ba zai rantse ba sai an gwada, amma yana kyautata zaton an cusa maganin sukari na asibiti mai ƙarfi a ciki, irin glibenclamide, ba tare da an rubuta ba. Ya ce an san wannan dabara, har a ƙasar Sin ɗin kanta, inda a 2009 wani jabun maganin sukari da aka cika wa wannan sinadari ya kashe mutum biyu a yankin Xinjiang.

Amma ƙafar ta riga ta fara lalacewa tun kafin wannan dare, tun a mako na biyu ko na uku. Mutumin ya ce ruwan ya yi zafi iya yadda Baba zai iya jurewa, shi kuwa Baba ba ya jin zafi a ƙafar, don haka ya jure abin da babu fatar da za ta jure. Bororo ya tashi a gefen ƙaramin yatsa. Na ɗauki hoto na tura wa mutumin ta WhatsApp, ya amsa da muryarsa cewa alama ce mai kyau, gubar ce ta samu ƙofa, kada a kai asibiti domin yankewa kawai suka sani. Ina da wannan saƙon murya har yanzu. Bororon ya fashe ya zama gyambo, gyambon ya fara wari, yatsan ya yi baƙi, na kusa da shi ya bi. Ranar hoton Dofla ta zo ta wuce muna gida muna dafa ruwa. Mako bakwai muka ɓata. An cire wa Baba yatsu biyu, kuma likitan ya ce mu gode wa Allah da abin bai haura idon sawu ba.

Naira 280,000, ban da kuɗin aiki da na gado da na wankin ciwo da muke biya har yanzu. Da na koma shagon na tarar da kwaɗo a ƙofa, mai shayin da ke gefe ya ce sun kwashe kaya da dare tun makon jiya, kuma ni ne mutum na huɗu da ya zo nema. Lambar wayar ba ta shiga, ya toshe ni a WhatsApp. Lambar da ke jikin kwalin na duba ta a Greenbook, rumbun intanet na magungunan da NAFDAC ta yi wa rajista, babu ita, abin da minti biyu ya ishe ni in yi tun ranar farko, a wayar da na bincika danshen da ita. Shekaranjiya kuma na ga tallar ta dawo da sabon suna, hoton ƙafa ɗaya, farar riga ɗaya. Zan sa hotunan hirarmu da shaidar tura kuɗin guda biyu da hoton kwalin da zarar na rufe lambar asusuna da fuskar Baba, kuma na ajiye sauran kafson domin in kai wa hukuma tare da takardar ƙorafi.

Mai ciwon sukari kada ya tsoma ƙafa a ruwan zafi, kada ya bar maganin asibiti saboda maganar mai talla, kuma ko ƙaramin bororo ne a kai shi asibiti a ranar.

Baba bai taɓa ɗora mini laifi ba, wannan ma ya fi ci mini rai. Jiya ina canza masa bandeji ya tambaye ni ko an ji labarin "yaron nan mai ladabi," domin har yanzu yana ganin wataƙila shi ma yaudararsa aka yi da kayan. Na ce masa ba a ji ba, na ci gaba da naɗa bandejin.